Daga Taswirar Kasuwanci zuwa Umarnin Kwamfuta: Tarihin Wani Alkawari, 1958–2018

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yunƙurin da aka shafe shekara sittin ana yi domin kwamfuta ta riƙa rubuta manhaja da kanta daga taswirar da ke siffanta harkar kasuwanci. An fi mayar da hankali ga manhajar IEF ta kamfanin Texas Instruments, sannan aka waiwayi shirin AD/Cycle na IBM da tsarin MDA na ƙungiyar OMG. Maƙalar tana ganin cewa fitar da umarni daga taswira ya tabbata tun cikin shekarun 1980. Abin da ya gagara shi ne samun taswira guda wadda ɗan kasuwa zai iya karantawa, na'ura kuma ta iya aiwatarwa.

1.0 Gabatarwa

Duk manhajar da banki ko kamfanin inshora ko hukumar haraji ke aiki da ita, asalinta ƙa'idoji ne da ma'aikatan wurin suka sani: wa ya cancanci rance, yaushe ake cin tara, wane ne zai sa hannu kafin a fitar da kuɗi. Tsakanin waɗannan ƙa'idoji da na'ura akwai marubucin manhaja. Shi ke sauraron ma'aikaci, ya fahimci abin da ya fahimta, sannan ya juya shi zuwa harshen da kwamfuta ke bi. A wurin wannan juyawa ake kashe mafi yawan lokaci da kuɗi, ta nan kuma kuskure ke shigowa. Ba abin mamaki ba ne da tun farkon zamanin kwamfuta aka sami masu tambaya ko za a iya cire wannan ɗan tsakiya gaba ɗaya.

Kalmomi uku za su riƙa maimaituwa a nan. "Umarni" na nufin layukan da ake rubutawa a harshe irin su COBOL ko Java domin na'ura ta aiwatar. "Taswira" na nufin zane da bayanin da ke nuna abubuwan da ma'aikata ke hulɗa da su, da alaƙar da ke tsakaninsu, da matakan aikinta. Manhajar da ke karɓar taswira ta fitar da umarni kuwa, za mu kira ta "masaƙa", domin zare take karɓa ta fito da ƙyalle bisa yadda aka ɗaura mata shi.

2.0 Tushen Mafarkin

A shekarun 1950 abin da ake kira rubutun manhaja mai sarrafa kansa bai wuce tafintan da ke juya harshe mai kama da na mutane zuwa lambobin na'ura ba. Grace Hopper da abokan aikinta a Remington Rand sun gina FLOW-MATIC da kalmomin Ingilishi, daga gare shi kuma COBOL ya ɗebi kamanninsa bayan taron da aka yi a ma'aikatar tsaron Amurka a watan Mayu na 1959. An yi fatan manaja zai duba shirin COBOL ya gane abin da yake cewa. Manajoji ba su karanta ba. COBOL sai ya haifar da sabuwar sana'a mai dubban ma'aikata, ya ƙara wa ɗan tsakiyar da aka so cirewa gindin zama.

Wasu kuma sun hango abin da ya zarce harshe. A 1958 John Young da Henry Kent na kamfanin NCR suka wallafa wata hanya ta bayyana matsalar sarrafa bayanai ba tare da ambaton kowace na'ura ba. Bayan kimanin shekara goma Daniel Teichroew ya kafa shirin ISDOS a Jami'ar Mishigan da niyyar a bayyana buƙatun ma'aikata a harshe mai ƙa'ida, kwamfuta ta ƙarasa sauran. Abin da ya fi shahara daga shirin, wato PSL/PSA, yana adana bayanin buƙatu, ya binciko inda ya saɓa wa kansa, ya fitar da rahotanni. Aiki ne mai amfani, amma bai kai ga saƙa cikakkiyar manhaja ba. David Parnas ya lura a 1985 cewa a kowane zamani, abin da ake kira rubutu mai sarrafa kansa yakan zama rubutu ne da harshen da ya ɗara wanda ke hannun mutane a lokacin. Sauran wannan tarihi kusan sharhi ne a kan wannan lura.

3.0 Injiniyancin Bayanai da IEF

Abubuwa biyu suka share fage. A 1976 Peter Chen ya fito da hanyar zana bayanai a matsayin abubuwa da alaƙoƙi: akwati ga abokin ciniki, akwati ga asusu, layi a tsakani da ke nuna cewa mutum ɗaya na iya mallakar asusu da yawa. Zane ne da akanta ko jami'in rance zai duba ya ce haka ne ko ba haka ba ne. A 1983 kuma IBM ya sanar da DB2, rumbun bayanai mai tsarin jadawali bisa ka'idar da Edgar Codd ya shimfiɗa a 1970. Juya akwatunan Chen zuwa jadawalin Codd aiki ne mai ƙa'ida tsayayya, don haka na'ura na iya yin sa.

A kan wannan aka gina mazhabar da aka sani da injiniyancin bayanai. Clive Finkelstein ne ya fara tsara ta a Ostiraliya a ƙarshen shekarun 1970, suka fitar da rahoto a kanta tare da James Martin a 1981. Martin, Bature ɗan Ingila kuma tsohon ma'aikacin IBM, shi ne mai shelarta. Sunan littafinsa na 1982, Application Development Without Programmers, ya isa bayani: gina manhaja ba tare da marubutanta ba. Ginshiƙin mazhabar shi ne cewa hanyoyin aiki na sauyawa kullum, amma nau'o'in bayanan ma'aikata ba sa saurin sauyawa. Banki na iya canza yadda yake amincewa da rance sau biyar a shekara, amma abokin ciniki da asusu da jingina suna nan daram. Saboda haka sai a fara daga sama: a tsara manufar kamfani baki ɗaya, a nazarci kowane ɓangaren harka, a zayyana tsarin da ake so, a ƙarshe a gina shi.

Kamfanin Texas Instruments na Dalas ya ɗauki wannan koyarwa da gaske, da farko don buƙatarsa ta cikin gida, daga baya ya mayar da ita haja a ƙarshen shekarun 1980 da sunan IEF. Manazarci na zaune gaban ƙaramar kwamfuta yana zana abubuwa da alaƙoƙinsu, yana rarraba ayyukan kamfani daga manya zuwa ƙanana, yana tsara fuskokin allo. Duk abin da ya zana yana komawa wani babban kundi da ke kan babbar kwamfutar kamfani, inda ake haɗa shi da na sauran manazarta, a binciki saɓani. Idan taswira ta cika, masaƙa ta fitar da COBOL, da ma'anar jadawalin DB2, da fuskokin allo, har da umarnin girkawa.

Wajibi ne a faɗa a fili cewa abin ya yi aiki. Bankuna da kamfanonin inshora da hukumomin gwamnati a Amurka da Turai da Ostiraliya sun gina manyan tsare-tsare da IEF, wasu kuma suna gudana har yau. Da yawa daga masu rubuta tarihin manhaja sukan jefa kayan aikin wancan zamani cikin kwando ɗaya su ce duk sun faɗi. Wannan rashin adalci ne.

Sirrin nasarar IEF ƙa'ida ce guda mai tsauri: ba a taɓa umarnin da masaƙa ta fitar. In an ga kuskure, taswira ake gyarawa a sake saƙa. Sauran kayan aiki da yawa kan fitar da ƙwarangwal ne kawai, marubuci ya cike da hannu. Da zarar ya cike, taswira da manhaja sun rabu, bayan wata shida zanen ya zama tarihin abin da aka yi niyya. IEF ta toshe wannan ƙofa ta hanyar fitar da umarnin ɗari bisa ɗari.

Sai dai toshe ƙofar na da farashi, kuma a nan ne zuciyar al'amarin take. Kafin masaƙa ta iya fitar da komai da komai, dole taswira ta ƙunshi komai da komai. A ɗauki ƙa'ida mai sauƙi: kada a ba mutum sabon rance in ana bin sa bashin da ya wuce wa'adi. Manaja zai ce maganar ta ƙare. Na'ura kuwa sai ta san ko ranar wa'adin kanta na cikin lissafi, da abin da za a yi in wa'adin ya faɗo ranar hutu, da matsayin wanda ya biya rabi, da hukuncin asusun da mutum biyu suka mallaka ɗayansu ne ake bi. Ba akwatin da ke ɗaukar waɗannan amsoshi. Don haka IEF ta tanadi abin da ake kira zanen aiwatarwa, inda ake rubuta karanta wannan, in kaza ne yi kaza, maimaita ga kowane asusu. An kira shi zane saboda layukan da ke kewaye da jimlolinsa, amma duk wanda ya dube shi ya san shirin kwamfuta ne. Masu iya rubuta shi kuma ba jami'an rance ba ne. Marubutan manhaja ne da aka sake horarwa, suka koma ƙwararrun IEF masu tsadar haya. Ɗan tsakiya bai tafi ko'ina ba, riga ya sauya.

Akwai kuma nauyin farawa daga sama. Zana taswirar kamfani baki ɗaya kan ci watanni masu yawa kafin kowa ya ga allo ɗaya yana aiki, kuma kafin a gama, kamfanin na iya sayen wani kamfani ko ya rufe wani sashe. Bayanan da aka ce ba sa sauyawa sun nuna cewa su ma suna da nasu motsin, domin abin da sashen talla ke nufi da abokin ciniki ba shi ne abin da sashen shari'a ke nufi ba. Sasanta su siyasar ofis ce, babu masaƙar da ke yin ta.

4.0 Rushewar Kasuwar CASE

A watan Satumba na 1989 IBM ya sanar da AD/Cycle, shirin da zai tattara kayan aikin kamfanoni daban-daban, irin su KnowledgeWare da Bachman da Index Technology, su riƙa zuba taswirorinsu a kundi guda a kan babbar kwamfuta. Wannan ne ƙololuwar zamanin da aka sani da CASE. Kundin bai taɓa yin aiki yadda aka yi alkawari ba, kuma cikin 'yan shekaru IBM ya janye. KnowledgeWare, wanda tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka Fran Tarkenton ke shugabanta, ya shiga matsalar kuɗi, Sterling Software ya saye shi a 1994.

Dalilan sun haɗu ne a lokaci ɗaya. Kamfanoni na ƙaura daga babbar kwamfuta zuwa ƙananan da ke haɗe da juna, masaƙun kuwa an ɗaura su ne don tsohon tsari. A 1992 SAP na Jamus ya fitar da R/3, shugabanni da yawa suka ga ya fi sauƙi su sayi manhaja gamammiya su lanƙwasa aikinsu ya dace da ita, a kan su zana nasu daga tushe. Sannan ga wahalar koyo. Chris Kemerer ya kawo wani ƙiyasi a 1992 cewa shekara guda bayan saye, kashi 70 cikin ɗari na kayan CASE ba a amfani da su sam, kashi 25 rukuni ɗaya ne kawai ke amfani da su, kashi 5 ne suka yaɗu. Tun 1986 Fred Brooks ya riga ya bambanta wahalar da ke cikin ainihin matsala da wahalar da kayan aiki ke jawowa, ya kuma yi hasashen cewa babu wata dabara guda da za ta ninka yawan aiki sau goma cikin shekara goma. Masaƙa na rage wahala ta biyu. Tambayar ko ranar hutu na cikin wa'adi tana cikin ta farko.

5.0 Zagaye na Biyu: UML da MDA

Mafarkin bai mutu ba, gida ya canza. A watan Nuwamba na 1997 ƙungiyar OMG ta amince da UML a matsayin harshen zane na bai ɗaya, wanda Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson suka haɗa a kamfanin Rational. A 2001 ta ƙaddamar da MDA. Jagoran da ta fitar a 2003 ya kasa taswira hawa uku: ta farko tana magana da harshen kasuwanci zalla, ta biyu tana siffanta manhaja ba tare da la'akari da fasahar da za ta gudana a kai ba, ta uku ta keɓanta ga fasaha guda kamar Java ko .NET. Daga ta uku sai umarni.

MDA ta gyara babban aibi ɗaya na zamanin CASE, tunda yanzu ƙa'idojin a buɗe suke, ba mallakar kamfani guda ba. An kuma yi aiki mai yawa a kan sauka daga hawa na biyu zuwa na uku. Amma sauka daga na farko zuwa na biyu, wato daga harshen ɗan kasuwa zuwa siffar manhaja, ta ci gaba da zama aikin mutum. Ramin da IEF ta cike da zanen aiwatarwa shi ne dai ya sake buɗewa. UML kuma an ƙirƙire shi ne domin mutane su fahimci juna, yana da sassauci da harshen damo da na'ura ba ta jurewa. Stephen Mellor da Marc Balcer sun nuna a littafinsu na 2002 cewa ana iya aiwatar da UML, amma sai an datse shi zuwa ɗan yanki, an kuma ƙara masa harshen aiwatarwa. Compuware ya daina sayar da OptimalJ, ɗaya daga fitattun masaƙun MDA, a 2008.

Bincike biyu sun nuna inda aka kwana. Marian Petre ta tattauna da ƙwararrun injiniyoyi 50 ta wallafa sakamako a 2013: 35 ba sa amfani da UML ko kaɗan, uku ne kacal ke fitar da umarni da shi. Jon Whittle da John Hutchinson da Mark Rouncefield kuwa, bayan jin ta bakin masu aiki da taswira kimanin 450, sun ruwaito a 2014 cewa hanyar ta fi yaɗuwa fiye da yadda ake zato, amma nasara ta fi zuwa ne inda aka gina ƙaramin harshe don ƙaramin fage, kuma ba kasafai ake saƙa tsari sukutum ba. Masana'antar jiragen sama ta tabbatar da haka daga wani gefe: Airbus ya yi amfani da SCADE wajen fitar da umarnin sarrafa tashin A380. A can fagen ƙunci ne, lissafinsa sananne, masu zanen kuma injiniyoyi ne da suka saba da tsantsar ƙa'ida. Harkar kasuwanci ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun.

Ɓangaren zana matakan aiki ya bi irin wannan sawu. An fitar da BPMN a 2004 domin manazartan kasuwanci, da fatan za a juya zanensa zuwa BPEL, harshen da injuna ke aiwatarwa. Sai aka tarar BPMN na barin kibiya ta tashi daga ko'ina ta sauka ko'ina, yadda aikin ofis yake a zahiri, alhali BPEL ya fi karkata ga tubala masu shiga cikin juna. Ba kowane zane ne ke juyuwa cikin tsabta ba. Bugu na 2.0 na 2011 ya warware wannan ta hanyar bai wa BPMN ma'anar aiwatarwa ta kansa, sai dai zanen da inji zai gudanar yana ɗauke da cikakkun bayanan fasaha da manaja ba ya gani. A aikace ma'aikatu da yawa kan ƙare da zane biyu, ɗaya na ɗakin taro, ɗaya na inji.

Kamfanonin da suka ci riba a wannan zango su ne waɗanda suka rage alkawari. OutSystems, da aka kafa a Fotugal a 2001, da Mendix, da aka kafa a Holan a 2005, suna saƙa ko gudanar da manhaja daga taswira, amma nau'i ɗaya suka fi riƙewa: fom, jadawali, matakan amincewa, rahoto. Kamfanin bincike na Forrester ya raɗa wa irinsu suna a 2014 da ke nufin ƙarancin umarni. Kalmar kanta ja da baya ce daga taken Martin na 1982: daga babu marubuta an dawo kaɗan. A 2018 Siemens ya sayi Mendix a kan kimanin Yuro miliyan 600.

6.0 Wa Ya Mallaki Taswirar?

Wata tambaya da masu sayen IEF ba su cika yi ba a 1990 ita ce ta fi damun magadansu. A 1997 Texas Instruments ya sayar da sashen manhajarsa ga Sterling Software, IEF, wadda a lokacin ake kira Composer, ta koma COOL:Gen. A 2000 Computer Associates ya haɗiye Sterling, sunan ya bi ta Advantage Gen da AllFusion Gen har ya kai ga CA Gen. A 2018 Broadcom, kamfanin ƙera ƙananan sassan lantarki, ya sayi CA a kan dala biliyan 18.9. Hukumar da ta zuba ƙa'idojin fansho ko na haraji a kundin IEF shekara talatin da suka wuce ta wayi gari tana biyan lasisi ga mai gida na huɗu, wanda ba da shi ta ƙulla yarjejeniyar farko ba.

Fita kuma ba sauƙi. Ƙa'idar da ta ba IEF ƙarfi, wato kada a taɓa umarni, ita ce ta sa umarnin bai dace da idon mutum ba: an saƙa shi ne don na'ura, mai tsawo, mai maimaici, yana kuma dogara da wasu sassan gudanarwa na kamfanin da ya mallaki masaƙar. Ilimin harkar yana cikin taswira, taswira tana cikin kundi mai tsarin da kayan kamfani guda ne ke buɗe shi kai tsaye, ƙwararrun da suka iya zanen aiwatarwa kuma suna yin ritaya. Irin wannan ya sami masu amfani da Pacbase a Faransa, masaƙar COBOL ta kamfanin CGI wadda ta koma hannun IBM a 1993, daga baya IBM ya maye gurbinta da wani kayan aiki. Daga nan wata sana'a ta tsiro: kamfanonin da aikinsu shi ne kwashe taswirorin Gen da na Pacbase, su juya su zuwa Java ko C# da marubuci zai iya karantawa ya gyara da hannunsa. Wasunsu daga taswirar suke farawa, ba daga COBOL ɗin da aka saƙa ba, domin a cikinta ne sunayen abubuwa da ƙa'idojin harka suka rage yadda manazartan farko suka rubuta su.